Na Tashi a Bayan Babban Gida

An haife ni a 1988 a wani ƙauye da ke bakin fadama a ƙasar Argungu, tun muna cikin tsohuwar jihar Sakkwato, kafin a yanke Kebbi a 1991. Ba zan faɗi sunan garin ba, ba kuma zan ambaci sunan kowa ba, domin mafi yawan waɗanda labarin ya shafa suna raye, kuma masallaci ɗaya muke sallar Juma'a.

A garinmu ba a zaunar da yaro a koya masa matsayinsa, kafin ya shekara biyar ya riga ya sani. Gidan hakimi yana tsakiya, yana kallon masallaci da kasuwa. Kusa da shi gidajen malamai ne da attajirai, sai manoma masu gonar kansu. Can gefe kuma rundawa suke kusa da mahauta, da maƙera, da wanzamai, da makaɗa, masunta kuwa suna gangaren gulbi. Za ka gane waye wane daga wanda ake fara gaisarwa, da wanda ake shimfiɗa wa tabarma, da wanda ake matsa wa a sahun gaba ko da ya zo a makare.

Mu gidanmu yana bayan wani babban gida, katanga ɗaya ta raba mu. Mahaifina baran mai gidan ne, wanda kowa ke kira Alhaji. Baba ne ke yanko wa doki ciyawa, shi ke tsayawa kan 'yan ƙwadago a gonakin shinkafa, shi ake aika Jega ko Kamba ranar kasuwa, shi ke raka matan gidan asibiti. Ba shi da albashi, ba shi da lokacin tashi daga aiki. In kaka ta yi a ba shi buhunan shanshera, in salla ta zo a yi masa ɗinki, mu kuma a ba mu kwancen 'ya'yan gidan. Inna tana turara musu shinkafa, tana surfe, tana wanke-wanken biki. Tuwon darenmu sau da yawa ta kan katangar nan yake tsallakowa.

Ba na son in zalunci mamaci, don haka zan faɗi alherinsa. Alhaji ne ya biya sadakin Inna. Shi ya ba da ragon sunana. Bai taɓa ɗaga hannu ya mari Baba ba, ban kuma taɓa jin ya zage shi ba. Amma tun da na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya yi masa magana a tsaye ba. Tun daga bakin zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Ranka shi daɗe." Kuma Baba ya girme shi.

Na shiga firamare tare da wani ɗan Alhaji, sa'ana. Tare muke tafiya, ni ke riƙe masa jaka. Ba wanda ya ce in riƙe, haka kawai na ga ya kamata, shi ma haka ya gani. Allah ya ba ni kan karatu, kusan kowane zango ni ke zuwa na ɗaya. Da muka gama aji shida a 2000 aka shirya kai shi makarantar kwana a Birnin Kebbi. Da daddare Alhaji ya kira Baba zaure, ina raɓe a bayan ƙyaure ina ji. Ya ce, "Wanga yaro naka yana da natsuwa. Bar min shi nan, in ya ƙara tasawa in sa a koya mai tuƙi. Mi za shi yi da boko?"

Baba ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ranka shi daɗe, uwatai ta ƙwallafa rai ga karatun ga."

Ya fake da Inna ne, domin bara ba ya ce wa ubangidansa a'a da bakinsa. A iya sanina wannan ne karo ɗaya tak da ya kauce wa abin da Alhaji ke so. Alhaji bai yi faɗa ba, sai dai ya ce to, amma shi ba ya da kuɗin da zai zuba a nan. Abin da Baba ya mallaka a duniya shi ne wata 'yar gona a fadama, gayaunar da ya gada. Ita ya jinginar a kan naira 12,000, ya saya mini kayan makaranta da tsohon keke, ya ajiye saura don kuɗin jarrabawa. Wanda ya karɓi jinginar kuwa Alhaji ne. Ba a rubuta komai ba. Dattijai biyu ne a wurin, sai wani mahauci da ya zo cinikin sa, ya zauna a gefe yana jiran a gama.

Wanda bai tashi a karkara ba zai yi wuya ya gane nauyin jingina. Mai kuɗi yana karɓar gonar, ya noma ta, ya cinye amfanin, kuma duk abin da ya girbe ba ya rage ko kwabo daga bashin. Sai ranar da ka kawo kuɗinsa cif za ka karɓi abinka. To wanda ya rasa gonarsa, daga ina zai tara? Malamai da dama suna cewa cin amfanin jingina haka bai halatta ba, na ji wannan a wa'azi tun ina yaro, amma ban ga ya hana kowa ba. Haka Baba ya ci gaba da noma gonar kakanninsa da hannunsa, shinkafar tana shiga rumbun wani.

Shekarun sakandare ba ni da abin faɗa da yawa a kansu. Keke, yunwa, da karatu da fitilar ƙwai. Na samu shiga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, ina karatu ina dako a kasuwa ranar hutu. Na gama a 2010, shekarar da ambaliya ta cinye fadamar Sakkwato da Kebbi a watan Satumba. Ruwan bai tambayi gonar wa ce ba, ya kwashe ta kowa. Amma da ya janye, masu tsohon hatsi a rumbu suka buɗe ƙofar bashi, marasa shi suka yi layi. A rani ɗaya na ga gonaki da yawa sun bi hanyar da tamu ta bi. Tun daga nan na fahimci cewa a wurinmu kowace masifa tana ƙara wa mai shi, tana rage wa marar shi.

Na samu aikin koyarwa a firamare. Ranar da na karɓi albashin farko na saya wa Baba takalmi da hula, na saya wa Inna atamfa. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunana, ba ta ma cika kallona ido da ido ba. Ranar ta karɓi atamfar ta shige ɗaki, ƙanwata ce ta zo ta ce mini kuka take yi. Mutane suka fara kirana Malam. A raina na ɗauka shi ke nan, na tsallake katangar nan.

A 2014 na nemi aure. Yarinyar 'yar wani malami ce a garin da nake koyarwa, ita ma ta yi karatu, mun fahimci juna, mahaifiyarta tana amsa gaisuwata da fara'a. Mahaifinta mutum ne da nake zama gabansa bayan magariba ina ɗaukar karatu. Da na aika masa ya ce in turo magabata. Baffana da wani dattijo suka kai goro da kuɗin gaisuwa, aka karɓa, aka ce a ba su lokaci su yi bincike, kamar yadda aka saba. Ban damu ba ko kaɗan. Ba na sha, ba na caca, ba a taɓa kai ni gaban alƙali ba.

Bayan 'yan makonni aka aiko wani ƙanen mahaifinta da kayanmu a ƙulle a leda. Ya zauna a ƙofar gidanmu, ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa. Ya ce wa Baba, "Yaro ba ya da aibi, kowa ya shaide shi. Amma an bi asali, mu ba mu haɗa iri da gidanku. Ku yi haƙuri."

Baba ya ce, "Ba komi. Allah shi zaɓa abin da ya fi alheri." Ya tashi ya raka shi har bakin hanya.

A daren nan na je ɗakin kakata, mahaifiyar Baba, na ce, "Kaka, wane asali ne wannan da kowa ya sani ban da ni?" Ta sa aka rufe ƙofa, sannan ta gaya mini. Kakan Baba da igiya aka zo da shi garin nan yana ƙaramin yaro, kafin zuwan Turawa. Kakan Alhaji ne ya saye shi. Har ya tsufa ya mutu bai iya tuna sunan garinsu ba, sai wata waƙa da yake yi da wani yare in yana aiki shi kaɗai. Gayaunar nan da Baba ya jinginar shi ya share ta, a ranakun da ubangidansa ke ba shi ya yi aikin kansa. Kaka ta ce sun ɓoye mana ne don kada zuciyarmu ta mutu tun muna yara.

Daga baya na bi tarihin abin. Dokar Turawa ta ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilun 1901 ɗa ne, ba bawa ba, a 1936 kuma aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Ke nan kakana ma ɗa aka haife shi, balle Baba, balle ni. Amma abin da ya fi ci mini rai ba dokar Turawa ba ce. A gaban malamin nan na ji labarin Zaidu ɗan Harisa, 'yantaccen bawa, wanda Manzon Allah (SAW) ya aura wa Zainab 'yar Jahshi, 'yar gwaggon Manzon. A bakinsa na ji yadda aka umarci Fatima 'yar Ƙaisu, Baƙuraishiya, ta auri Usama ɗan Zaidu. Shi ya fassara mana ayar Suratul Hujurati da ke cewa mafi daraja a wurin Allah shi ne wanda ya fi taƙawa. Na yarda ya yi imani da abin da yake karantarwa, har gobe ban ɗauke shi munafuki ba. Tsoron bakin dangi ne ya fi ƙarfinsa, kada a ce jikokinsa jikokin bayi ne. Yarinyar ta aiko ƙanwarta ta ce in yafe mata, ba ta da yadda za ta yi. Kafin shekara ta zagayo an ɗaura mata aure da wani ɗan uwanta.

Na yi ciwo bayan haka. Barci ya ƙaurace mini, abinci ba ya shiga, na rame har wando yana zamewa. A asibiti aka auna ni aka ce jinina ya hau, ina ɗan shekara 26. In na shiga kasuwa sai in ga kamar kowa da abin yake kallona. Na riƙa tuna abubuwan da a da ban ba su ma'ana ba: jakar da nake riƙewa, kwanon da ake ware mana a gidan biki, yadda wasu tsofaffi ke ce wa Baba "na gidan Alhaji" maimakon sunansa. Na ji haushin Baba ƙwarai, musamman rakiyar da ya yi wa mutumin da ya zo ya ci mana fuska har gida. Na nemi a mayar da ni wata makaranta can wajen Kamba, na tafi ba tare da dogon sallama ba.

Nisan ya taimake ni. A can ba wanda ya san kakannina, Malam ne kawai. Na yi tunanin in wuce Legas ko Abuja in ɓace gaba ɗaya, abokai biyu ma sun yi mini tayin wuri. Abin da ya tsayar da ni gonar nan ce. Asali ba ni da ikon canza shi, amma gona da kuɗi aka karɓe ta, da kuɗi kuma za a iya dawo da ita. Na shiga adashi, ina koyar da yara da yamma, da hutu kuma in shiga dashen shinkafa kamar kowane ɗan ƙwadago.

Da na kawo kuɗin, Baba ya kai wa Alhaji. Alhaji ya ce a bari a cire amfanin bana. Da aka cire ya ce an riga an zuba taki don rani. Dalili a fili yake. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, fadama ta zama zinariya. Ga injin ban ruwa, ga rijiyoyin burtsatse, ana noma rani da damina, a 2017 kuma aka buɗe babbar masana'antar sarrafa shinkafa a Argungu, masu saye suna bin manomi har gona. Shirin don mai gona aka yi shi, sai ka nuna filinka a auna kafin a sa sunanka. Irin su Baba, da suka fi kowa sanin shinkafa, ba su da filin nunawa. Kuɗin ƙwadago ya ɗan ƙaru, wannan gaskiya ne, amma masu fili a shekarun nan suka sayi motoci suka tafi Makka.

Alhaji ya rasu ba a warware maganar ba. Da aka zo rabon gado sai ga gonarmu cikin lissafin dukiyarsa. 'Ya'yansa, har da abokin tafiyata makaranta, suka ce su tun tasowarsu a hannun mahaifinsu suka san ta, in ma an taɓa ba kakanmu to aro ne. Ɗaya daga cikin dattijan da suka shaida jinginar ya rasu. Na biyun na same shi har gida, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗana, ni ma daga gidan nan nika ci. Ka yafe min." Ban ga laifinsa sosai ba.

Inna ce ta tuna da mahaucin. Na same shi a rumfarsa, ya tsufa, 'ya'yansa ke riƙe da wuƙa. Ban gama bayani ba ya ce ya tuna, har launin san da ya zo saye ranar ya faɗa mini. Na ce masa su ne manyan masu sayar masa da dabbobi, kada ya jawo wa kansa. Ya ce, "Malam, kabarina ba da su za a sa ni ba." Ya sa rigarsa ya bi ni gaban hakimi, ya faɗi adadin kuɗin da wurin da kowa ya zauna, ya ce a kawo Alƙur'ani in ana so. Mutumin da a garin nan ba za a ba ɗansa auren 'yar manomi ba, saboda sana'arsa, shi kaɗai ya iya tsayawa ya faɗi gaskiya a gaban masu gari. Da dattijon nan na biyu ya ji haka, sai shi ma ya ce haka aka yi.

Aka yi sulhu. Magada suka ce naira 12,000 ta 2000 ba ita ce ta yau ba, sai an ƙara. Na so in ce a lissafa shinkafar shekara ashirin da suka ci, Baba ya taka mini ƙafa. Na biya abin da aka yanke, wannan karon aka rubuta takarda, kowa ya sa hannu. Daminar farko da muka shuka, ambaliyar 2020 ta shanye ta ƙaf. Da rani na yi hayar inji muka sake dasawa, Allah ya ba da amfani. Baba ya sa aka jibge buhunan a tsakar gidanmu, ya fitar da zakka da hannunsa. Ya ce tun da yake bai taɓa ba da zakkar hatsi ba, kullum shi ake ba.

Duk da haka bai daina zuwa babban gida gaisuwa kowace safiya ba, yana tuɓe takalmi a gaban yaran da aka haifa a kan idonsa. Na ce, "Baba, yanzu kuma don me?" Ya ce, "Kai yaro, gidan nan ya yi min aure, ya yanka maka rago. Kai ka yi karatu, kana da inda za ka. Ni nan na sani." Ban sake yi masa maganar ba har ya rasu a 2022. Har yau ban gama sanin yadda zan ɗauki wannan ba. Wani lokaci in ga halacci ne irin na mutanen da, wani lokaci in ga abin da aka dasa masa ne tun yana ciki, wanda ya hana shi ganin kansa daidai da kowa. Shi ne kuma mutumin da ya ba da abu ɗaya da ya mallaka don kada in gaje shi a bakin zauren nan.

Yanzu na dawo gida da koyarwa. Na auri 'yar masunta, mahaifinta bai tambayi komai ba sai sallata da sana'ata, muna da yara uku. Na gaya wa babbar tarihin kakanninta da bakina, tun kafin wani ya jefe ta da shi a wurin faɗa. A ajina ina ganin tsarin nan yana nan da ransa. In shinkafa ta fara nuna, 'ya'yan marasa gona ke ɓacewa, suna can suna korar tsuntsu a gonakin iyayen 'yan ajinsu. In za a zaɓi mai shara ko mai ɗebo wa malamai ruwa, hannu yakan tafi kan yaran da aka saba aika. Na hana wannan a ajina, shara bi da bi ake yi, kuma wani uba ya taɓa zuwa har makaranta yana faɗa don an ba ɗansa tsintsiya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, ƙananan manoma da yawa sun kasa ciyar da injin ban ruwa, masu hali sun koma na hasken rana, jingina da haya sun sake yawa. Duk maƙwabcin da ya zo shawara ina ce masa kada ya yi, in kuwa dole ce, ni ke rubuta musu takarda kyauta, da shaidu, da wa'adi.

Abin da ke damuna a 'yan kwanakin nan ɗan ƙanwata ne. Ya bar sakandare a aji biyar ya koma bin abokin tafiyata makaranta, wanda yanzu ɗan siyasa ne. Yana wanke masa mota, yana riƙe masa waya, yana shiga bayan a-kori-kura in za a fita kamfe. An saya masa waya da shadda, yana ce masa "maigida". Na zaunar da shi na ba shi labarin nan duka, na ce ni zan biya kuɗin jarrabawarsa in ya koma aji. Ya saurare ni da ladabi, sannan ya ce, "Kawu, kai da karatunka nawa ake biyanka a wata?" Na faɗa masa gaskiya. Ya ce zai yi tunani bayan zaɓe. Na riga na je na roƙi shugaban makarantar kada a cire sunansa daga rajista, ya ce zai riƙe mini zuwa ƙarshen zango.